Ki Sauke Maganar Mai Ƙosai Daga Shafinki

Zongo, Sokode
Ranar Lahadi

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin sauka Dapango lami lafiya, gajiyar hanya ta bi lafiya. Allah ya tsare ki a ɗaki da waje, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki. Kakarki tana gaishe ki. Uwarki ma na san tana gaishe ki, ko da yake kunyar 'yar fari ba za ta bar ta ta furta ba.

Ban sa takardar nan a gidan waya ba. Na damƙa ta a hannun Musa direba, mai kamyon, babbar motar shanun nan da kika sani. Ki ba shi ruwa ya sha, ki karanta yana zaune, don da amsarki zai juyo.

Murna zan fara yi miki, don ita ta riga komai zuwa. Tun ranar da aka ce masu aikin lafiyar mata a ƙauyukan Dapango sun ɗauke ki tafinta, bakina bai rufu ba. Na taka rawa a tsakar gida har kakarki ta ce in ji tausayin gwiwoyina. Ni da na fara riƙe alƙalamin boko gemuna ya soma furfura, ina zama a makarantar yamma kan bencin da yara suka tashi suka bari, yau ga jikata an kira ta aiki daga wani gari, ba wanda ya kai ta, ba wanda ya je ya durƙusa dominta. Shafin da kika gina da hannunki a intanet shi ya yi miki dillanci. Na yi dillancin shanu tun ina saurayi, ban taɓa jin dillalin da ba ya barci, ba ya kuma neman la'ada ba, sai wannan naki. Allah ya yi miki albarka.

To amma shekaranjiya na ga shafin da idona. A cikinsa akwai maganar maƙwabciyarmu mai ƙosai, maganar da idan masu kaki suka karanta, zuwa za su yi su ɗauke ta. Dalilin takardar ke nan. Ba zan rubuta sunanta ba, ba zan rubuta na 'ya'yanta ba, kin san wadda nake nufi. Ki bar ni in zo kan maganar ta hanyata, tsoho ba ya yanke hanya.

Kin san tun da aka fara fita tituna zanga-zanga ake ɗauke rezo, wato layin intanet na waya, a garin nan, a dawo da shi, a sake ɗaukewa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗan dawo. Sai ga Malam Garba mai makarantar allo, abokin bencina a makarantar yamma, ya shigo zaure da faffaɗar wayar nan da ɗansa ya aiko masa daga waje.

Ya ce, "Biro, sa tabarau, zan nuna maka uwarka."

Na ce, "Uwata ɗaya tana Dapango, ɗaya tana gidan gaskiya. Wacce a ciki?"

Ya ce, "Duka biyun."

Ya miƙo mini. Na sa tabarau na duba. Ga sunan mahaifiyata da aka sa miki, a sama, da manyan baƙaƙe kamar allon tashar mota. Sunan da ban taɓa kamawa da bakina ba tun da na yi wayo, sunan da ya sa nake kiranki yadda nake kiranki. Garba kuwa ya buɗe murya ya karanta shi, ya sake maimaitawa yana kallona ta saman tabarau. Na ce masa ba don darajar Juma'a ba da na kwaɗa masa wayar a ka. Amma wannan ba laifinki ba ne. Sunanki ne, an yanka miki rago a kansa, mai neman tafinta kuma ba zai nemi "Uwar Alhaji" ba. Ki bar shi inda yake. Ni ne zan riƙa rufe ido idan na zo wurin.

Ƙasa da sunan na ga kin rubuta wai ke ƙwararriya ce, mai haƙuri, mai riƙon alkawari. Na ce, "Garba, yarinyar nan da bakinta take yi wa kanta kirari? Yabon kai fa jahilci ne."

Ya ce, "Kai da ka ƙarar da ƙuruciyarka kana yabon shanun mutane, har da masu tari, yau jikarka ta yabi kanta sau ɗaya za ka ji kunya? Wa zai yabe ta a Dapango, kai?"

Ya fi ni gaskiya. Wannan ma na haɗiye.

Abin da ban haɗiye ba shi ne inda kika jera harsunan da kike ji. Hausa, gaskiya ne. Kotokoli, gaskiya ne, har kin fi ni. Faransanci, ke da shi sai hamdala. Sai na ga kin sa Moba, kin kuma rubuta wai sosai. Uwata, wane sosai? Moban da kika tsinta wurin matan da ke kawo gero kasuwa? Bari in ba ki labarin wani mai irin wannan sosai ɗin.

Ina matashi, maigidana ya tambaye ni ko ina jin Moba, don yana son ya tura ni kasuwar shanu ta can arewa. Na iya gaisuwa, na iya ƙirga, na iya zagi. Na ce masa ina ji kamar a can aka haife ni. Da na je, wani dattijo ya zo ya kama hannuna, ya yi doguwar magana a hankali yana nuna wani baƙin sa. Abin da na tsinta a ciki kawai shi ne uba, da taro, da mutane masu yawa. Na ce a raina biki ne. Na washe baki, na girgiza hannunsa, na yi ta masa barka da duk kalmomin murnar da na sani, har na ce Allah ya maimaita. Ashe mutumin gaya mini yake yi ubansa ya mutu, san na jana'iza ne. Bai zage ni ba. Ya zare hannunsa daga nawa, ya goge shi a rigarsa, ya tafi wurin wani dillalin. Har yau idan na tuna yadda ya goge hannun nan sai in ji zufa.

Ni sa ɗaya na rasa. Ke kuwa tsakanin mace mai ciwo da mai magani za ki tsaya. Idan ta ce nan ne ke mata ciwo kika ce can ne, ba ciniki ne zai lalace ba. Ki gyara wurin, ki rubuta kina ji kaɗan, kina kan koyo. Ki kuma gaya wa waɗanda suka ɗauke ki da bakinki kafin su gano da kansu. Wanda ya ce bai iya ba ana koya masa, wanda ya ce ya iya kuwa sai a sake masa igiya.

Yanzu na zo kan maganar.

Garba ya taɓa wani wuri da kika kira misalin aikinki. Sai ga hoton Mai Ƙosai zaune a bakin kaskonta, ƙofar zaurenmu a bayanta, sunanta cikakke a ƙasa. Sai rubutu gida biyu, Hausa a hagu, Faransanci a dama. Na gane maganar tun kafin in kai ƙarshen layin farko. Ta ranar nan ce da matan unguwa suka taru a tsakar gidanmu, za su tafi tambayar inda aka kai yaran da aka kwashe bayan zanga-zanga, ke kuma za ki zama bakinsu. Tana ɗaura mayafi ta ce, "Ƙaramin sun ɗauke mini shi. Babban kuwa na san inda na ajiye shi, ko yanka ni za a yi ba zan faɗa ba."

A tsakar gida ta faɗi wannan, cikin 'yan'uwanta mata. Kakarki ta gaya mini da kuka isa can gaban masu kaki ba ki fassara ko kalma ɗaya daga ciki ba, kuma na yi alfahari da hankalinki. To me ya kai ki ki ɗauko abin da kika ɓoye wa ɗaki ɗaya ki shanya wa duniya? Na san amsar, don jinina ne a jikinki. Maganar ta yi daɗi, fassarar ta faɗa miki daidai, kin so a gani. Na bi Faransancin da yatsa, harafi bayan harafi, yadda mushe, malaminmu na makarantar yamma, ya koya mana. Uwata, ya yi kyau. Kyan nasa ne ya fi tsorata ni, don ba wanda zai karanta ya ce bai gane ba. Can ƙasa kuma ga taswira, da jan ɗigo a daidai ƙofar gidanmu, wai inda za a same ki.

Garba ya daina dariya. Na ce masa, "Wa ke iya ganin wannan?"

Ya ce, "Duk mai rezo."

Na ce, "Har su?"

Ya ce, "Wayoyinsu ba na katako ba ne, Alhaji."

Rabon da Garba ya kira ni Alhaji har na manta. Kafin la'asar aka sake ɗauke rezon. Na ɗan ji sanyi, na ce to an rufe. Ya ce a'a, mu aka rufe wa ido, shafin yana nan buɗe, kuma wanda ya rufe maka ido ba lallai ya rufe nasa ba.

Kin taso kina jin ana ce mini Alhaji Biro, kina tsammani girmamawa ce saboda na yi karatu. Ga asalin sunan.

Lokacin da na gama makarantar yamma, dillalan kara, kasuwar shanu, suna neman wanda zai riƙa karanta musu takardun hanya na shanu. Ina zaune a taron. Na iya, amma na yi shiru, ina jira wani ya ce ai Idi ya iya. Ba wanda ya ce. Aka ba wani, aka tashi. Wannan kuskure ne, kuma shi ya sa ba zan taɓa ce miki ki rufe shafinki ba. Wanda ya ɓoye hajarsa a ɗaki kada ya ga laifin kasuwa.

Sai dai haushin wannan shirun ya jefa ni cikin wanda ya fi shi. Na ce daga yau kowa sai ya san Idi ya yi karatu. Mushe ya taɓa gaya mana cewa ɗakin da ake zama ana harkar takardu sunansa biro. Na sayi fenti, na sami katako, na rubuta kalmar da Faransanci da hannuna, na sa sunana a ƙasa, na kafa a saman ƙofar zauren nan. Nakan fita tsallaken hanya in tsaya ina kallonsa. Zauren kuwa kin san abin da yake, masaukin fatake ne. Masu shanu daga arewa a nan suke sauka, a nan suke kwana, ni ne maigidansu, amanarsu da ta dabbobinsu tana wuyana.

A shekarun nan ne aka fara rigimar jam'iyyu. Gari ya ɗauki zafi irin na yanzu, kowace jam'iyya tana buɗe bironta a unguwanni, masu kaki kuma suna bi suna nema. Ni ban haɗa wannan da wancan ba ko sau ɗaya. A wurina biro ɗakin takardun shanu ne. Wata safiya ina kara, suka zo suka ga allo, suka leƙa suka ga maza zaune sun kewaye rediyo. Ba su tambayi kowa komai ba. Mafi girma a cikin baƙina shi ne Malam Hamadu, Bafillace mai sanyin hali da ya daɗe yana sauka wurina. Suka ce shi ne shugaban taron. Mutumin da ko sunan jam'iyya ɗaya bai sani ba.

Na yi ta yawo ina rantsuwa, ina kawo shaidu, har aka sako shi. Ya dawo kunnensa na hagu ba ya ji, kuma bai sake ji ba har ya bar duniya. Na cire allon a gabansa, na faskara shi, na ba kakarki ta hura wuta. Na ba shi haƙuri. Ya juyo mini da kunnen da ke ji, ya ce, "Maigida, da ka gaya mini abin da aka rubuta a kaina, da na kwana a kara tare da shanuna." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya ci gaba da gaishe ni duk inda muka haɗu, amma bai ƙara shimfiɗa tabarma a zauren nan ba.

Abin da na koya, da kunnen wani na biya. Rubutu ba shi da bakin da zai ce ba haka nake nufi ba. Kai kana kara, shi yana ƙofa yana magana da duk wanda ya wuce, mai ciniki da mai farauta duk ɗaya ne a wurinsa. Kuma wanda ya kafa allo, ba a kansa kaɗai ya kafa ba, har da kan duk wanda ke zaune a ƙarƙashi. Nawa allon mutanen layi ɗaya ne ke gani. Naki ban san iyakarsa ba.

Jiya da safe na fita wurin Mai Ƙosai. Na ga bai kamata in maimaita abin da na yi wa Malam Hamadu ba, ta zauna a ƙarƙashin rubutun da ba ta sani ba.

Da ta gan ni da kwano ta ce, "Alhaji, yau da kanka? Amaryar taka ta yi yaji ne?"

Na jira masu saye suka ragu, na tsuguna kusa da ita, na gaya mata. Ta fara tsame ƙosan da ke cikin mai, kada su ƙone. Sannan ta ce, "Duka maganar ta sa?"

Na ce, "Duka."

"Har ta babban?"

"Har ita."

Ta ajiye matsamin. Can ta ce, "A hoton, da mayafi nake?"

Na ce, "Da mayafi."

Ta ce, "To, ko wannan." Ta janye itacen, ta yayyafa masa ruwa. Ta ce, "Yarinyar nan ba da mugunta ta yi ba, Alhaji. A bayana ta yi barci ba sau ɗaya ba. Kada ka yi mata faɗa da yawa."

Sauran ƙullin ta aiko wa kakarki da shi. Yau ba ta fito ba, ba ta kuma kwana a ɗakinta ba. Ban tambayi inda take ba, don abin da ban sani ba ba za a iya matse shi daga bakina ba. Kin san ita ce ke kai wa ƙaramin abinci kullum inda yake tsare. Yanzu tana tsoron ta kai kanta hannunsu. Yau kakarki ce ta ɗauki kwanon da ciwon ƙafarta, ta ce musu ita gwaggonsa ce.

To ga abin da nake so ki yi, kuma ban taɓa ba ki umarni ba sai yau. Na san ku ma can rezon a ɗauke yake. Musa zai wuce Sinkase, garin kan iyaka, ɗaukar kaya. Ya ce a bakin iyaka waya tana kama rezon ƙasar maƙwabta, direbobi a nan suke kiran gida. Ki nemi izini wurin aikinki, ki ce kakanki ne ya aike ki, ba ƙarya kika yi ba. Ki bi shi. Ki sauke maganar, ki sauke hoton, ki sauke sunanta, ki cire jan ɗigon daga ƙofarmu. Sauran ki bar abinki. Idan kina son abin da za ki cike gurbin, ga labarina da baƙin san nan, ki fassara shi da kowane harshe kika ga dama, ki sa sunana, duniya ta yi mini dariya. Ni na yarda, kuma na san abin da na yarda da shi.

Wannan shi ne ma'aunin da za ki riƙe nan gaba. A ƙauyukan can mata za su gaya miki abin da ba su gaya wa mazansu ba, don ba su da wata hanya zuwa ga mai magani sai ta bakinki. Maganar ba taki ba ce, ajiya ce, ko da ke kika yi mata ado da Faransanci. Kafin ki ɗora fuskar wani ko maganarsa a shafinki, ki tambaye shi. Idan ya ce to, ki sake tambayar kanki ko ya san faɗin kasuwar da za ki kai shi. Mace da ba ta taɓa wuce ƙauyensu Langabu ba, idan kika ce mata duniya za ta gani, mutanen Langabu take ƙirgawa. Ki tallata hannunki yadda kike so. Bayan wani kuwa ba allonki ba ne.

Garba ya ce abin da ya hau intanet ba ya sauka duka, wai wani yana iya kwafe shi ya ajiye. Na sani, magana zarar bunu ce. Ba mu da tabbacin ba a riga an gani ba. Amma kowace safiya da ta waye yana can, ƙarin ido ne. Mu yi namu, mu bar wa Allah nasa.

Kada ki rubuto mini amsa. Idan kin gama, ki ce wa Musa da baki, an sauke kaya. Ranar da ya kawo mini wannan kalma, kakarki za ta san ta inda za ta aika wa baiwar Allahn nan ta dawo ta jiƙa wakenta, ta ɗauki kwanon ɗanta da hannunta. Kafin nan ina zaure, ina kallon duwatsun murhunta, duk motar da ta rage gudu a layin nan sai na miƙe.

Allah ya kai ki Sinkase lafiya, ya maido ki lafiya. Allah ya makantar da idon mai nema, ya fito da na tsare, ya ɓoye na ɓoye. Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya. Ya sa wa aikinki albarka, ya sa bakinki ya zama sanadin sauƙi ga duk wadda ta jingina da shi. Ki riƙe salla, ki rufe ƙofarki da wuri, ki ci abinci.

Wassalam.

Kakanki,
Alhaji Idi